Bugun Cikin Dutse

Kalmar ciki ba ta da tsawo, amma Bahaushe ya ɗora mata kaya mai yawa. Murna farin ciki ce, damuwa baƙin ciki. Waɗanda uwa ɗaya ta haifa ciki ɗaya suka fito. Macen da ta samu juna biyu an ce tana da ciki, idan watanni suka ja kuma a ce cikin ya tsufa. Mutumin da ba a jin sirrinsa mai zurfin ciki ne, dattawa kuwa suna yaba masa, domin sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda yake son jin abin da mai zurfin ciki ya ɓoye ba ya tunkararsa kai tsaye. Zagaye yake yi, ya jefa tambaya nan, ya jefa can, har magana ta fito ba tare da mai ita ya ankara ba. Wannan shi ake kira bugun ciki.

Makaɗan fada idan za su kambama sarki sukan kira shi dutse, wato abin da ba ya motsi, ba a tura shi, ba a sanin abin da yake nufi. A wajensu dutse shi ne ƙarshen shiru. Sai ga shi harshen nan ɗaya, a rediyo da littattafan makaranta, yana kiran wasu duwatsu masu aman wuta. Amai kuwa ba ya yiwuwa sai da ciki. Sunan ya yarda ke nan cewa akwai dutsen da ya ci wani abu, ya riƙe shi shekaru ɗaruruwa, ranar da ya kasa riƙewa ya amayar. Akwai masanan da suka ƙarar da rayuwarsu kan tambaya ɗaya game da wannan: me ke cikin dutsen kafin ya yi aman?

Abin da ke ƙarƙashin irin wannan dutse narkakken dutse ne, wanda masana ke kira magma, yana kwance a zurfin kilomitoci, zafinsa daga digiri 700 zuwa 1,200. Ba shi kaɗai yake ba. Akwai iska iri-iri da ta narke a jikinsa: ruwa, iskar kabon dayoksaid, farar wuta, kilorin da fulorin. Nauyin ƙasar da ke sama shi ke danne su, kamar yadda marfi ke danne gas ɗin lemon kwalba. Muddin marfin na rufe, ba a ganin kumfa ko ɗaya. Da an buɗe sai ta taso, wani lokaci har ta yi ambaliya. Narkakken dutse idan ya taso sama nauyin da ke kansa raguwa yake yi, iskar ta fita daga jikinsa ta zama kumfa, kumfar ta kumbura ta tarwatsa shi. Iskar ce ke harba dutsen sama. Shi ya sa dutsen da ya faɗo daga irin wannan fashewa yake cike da ramuka, marar nauyi har yana iya yawo a kan ruwa, irin wanda ake goge kaushi da shi. Kowane rami a jikinsa gurbin iskar da ta gudu ne.

Matsalar ke nan. Mai bincike yana isowa ne bayan an gama. Iska ta bi sama, abin da ya rage a ƙasa ɓawo ne.

A shekarar 1858 wani Bature mutumin Sheffield a Ingila, Henry Clifton Sorby, ya wallafa abin da ya gani bayan ya goge duwatsu sun yi siriri har haske na ratsa su, ya sa su a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya ga ƙwayoyin ma'adinai ba tsarkakakku ba ne. A cikinsu akwai 'yan ɗakuna ƙanana, wasu da ruwa, wasu da kumfa, wasu da gilashi. Waɗanda ke da gilashin su ne suka zama taska ga na baya. Yadda abin ke faruwa shi ne, tun narkakken dutse yana can ƙasa yakan fara hucewa a hankali, ƙwayoyin ma'adini su fara tsirowa a cikinsa. Ƙwayar da ke girma da gaggawa takan bar ɗan lungu a gefenta, narke ya shiga lungun, ita kuma ta ci gaba da girma ta rufe ƙofa. Ɗigon ya zama ɗaurarre, da duk iskar da ke jikinsa a ranar da aka rufe shi. Idan dutse ya yi amai, narken da ke waje ya zubar da iskarsa, amma na cikin ƙwayar yana da katanga. Ya daskare ya zama gilashi da kayansa.

Aikin fito da shi aikin haƙuri ne. Ana daka dutsen a tankaɗe, a zauna gaban madubi da ɗan hantsaki ana tsintar ƙwayoyin olibin, wani ma'adini kore mai sheƙi, ɗaya bayan ɗaya. A cikin ɗari wataƙila kaɗan ne za su nuna ɗigo mai kyau, ruwan ƙasa-ƙasa, mai siffar ƙwai, faɗinsa bai wuce kaurin gashin kai ba. Sai a kafe ƙwayar a cikin danƙo, a riƙa gogewa a hankali, ana dubawa ana komawa, har fuskar ɗigon ta bayyana. Gugar da ta zarce ko da kaɗan ta cinye shi, aikin yini ya tafi. Bayan nan ne ake kai shi ga na'urorin da ke harba masa haske ko ƙwayoyin lantarki su ƙirga abin da ya ƙunsa, har zuwa kashi kaɗan cikin miliyan.

Abin da ke sa lissafin ya yi daɗi shi ne iskokin ba sa fita tare. Kabon dayoksaid ba ta da juriya, tun a zurfi mai nisa take fara barin narke. Ruwa yana daɗewa. Kilorin da fulorin sai an zo dab da baki. Saboda haka ɗigon da aka samu da kabon mai yawa an san a can ƙasa aka rufe shi, wanda kabon ɗinsa ya ƙare amma ruwa na nan an san a sama-sama ne. Idan aka jera ɗigo talatin ko hamsin daga dutse ɗaya, sai hanyar da narken ya bi ta fito, da inda ya tsaya ya huta, da zurfin ɗakin da ya taru a ciki. Da wannan dabara ce aka gano a 2011 cewa ɗaurarrun ɗigo a cikin ƙasa mai ruwan lemo da 'yan sama jannatin Apollo 17 suka ɗebo daga wata a 1972 suna ɗauke da ruwa, alhali an daɗe ana ɗaukar wata busasshe ƙayau.

A cikin iskokin nan duka, farar wuta ce ta fi wahalar sha'ani.

Bahaushe ya san ta tun kafin zuwan boko. Tana nan a faifan 'yan koli, rawaya ce ko da yake ana ce mata fara, ana dakawa a haɗa da mai a shafa wa ƙazuwa. Maharba sun san ta a albarushi. Malamai sun san ta da sunan kibiritu. Hanci ma ya san ta ta fuska biyu: ƙaurin da ke tashi idan an ƙyasta ashana, da warin baragurbi. Duka biyun ana jin su a bakin duwatsu masu aman wuta. A dutsen Ijen da ke tsibirin Jaba na Indunusiya, iskar na ci da wuta shuɗiya cikin dare, kuma har yau akwai mutanen da ke sauka cikin ramin su fasa farar wutar da ta daskare, su ɗauko kilo 70 ko fiye a kwanduna a kafaɗa, suna tari cikin hayaƙi.

A cikin narkakken dutse ma fuska biyu gare ta, kuma yawan iskar oksijin ne ke zaɓa mata. Inda oksijin ya yi ƙaranci takan kama ƙarfe, ta ware ta zama 'yan ɗigo masu nauyi da ke jawo tagulla da nikel zuwa jikinsu. Inda oksijin ya wadata takan zama salfet, ta nemi sinadarin kalsiyam. Wannan bambanci ba na ɗakin gwaji kaɗai ba ne. Manyan ma'adinan tagulla na ƙasar Chile, irin su Chuquicamata da El Teniente, sun samu ne daga ruwan zafi mai farar wuta da ya fito daga narke ya sauke kayansa a tsagogin duwatsu. Wayar lantarkin da ke bangon ɗaki tana da alaƙa da tafiyar farar wuta a ƙarƙashin ƙasa.

A ƙarshen watan Maris da farkon Afrilun 1982 wani dutse a jihar Chiapas ta Meziko, El Chichon, wanda mutane da yawa ba su ma ɗauke shi mai rai ba, ya fashe ya hallaka kusan mutum 2,000. Ba shi da girma a cikin duwatsu, amma taurarin ɗan'adam sun auna kimanin tan miliyan 7 na hayaƙin farar wuta da ya watsa sama. Masu binciken da suka yi saurin zuwa suka ɗebo sabbin duwatsun, cikinsu har da James Luhr, sun tarar da abin da ba a saba gani ba: ƙwayoyin anhaidirait, ɗan'uwan jifsam ɗin da ake haƙa a Yobe da Sakkwato domin siminti, sai dai shi ba ruwa a jikinsa. A cikin narken ya tsiro, alamar farar wuta ta yi yawa har narken ya kasa riƙe ta. Abin da ya sa ba a saba ganinsa ba kuwa shi ne ruwan sama na narkar da shi. Damina ɗaya ta isa ta wanke shi daga duwatsun da ke fili. Wanda ya zo a makare zai rantse babu shi, kuma Allah kaɗai ya san tsoffin duwatsu nawa aka yi wa irin wannan shaidar.

Sa'ar da aka yi ita ce akwai wani ma'adini da ba ya tsoron ruwa, afatait, dangin abin da aka gina haƙori da ƙashi da shi. Ƙanƙane ne, amma a tsarin jikinsa akwai gurbin fulorin da kilorin da ruwa, kuma yana karɓar farar wuta. Yana girma ne ɓawo kan ɓawo, don haka idan aka yanka shi aka auna daga tsakiya zuwa gefe, ana iya ganin lokacin da narken ke cike da farar wuta da lokacin da ta fara fita. Inda anhaidirait ya wanke, afatait yana nan.

Shekara tara bayan El Chichon sai ga Pinatubo a tsibirin Luzon na Filifin. Labarinsa yana da wani sashe da ya cancanci a tsaya a kansa. A watan Mayun 1991 masanan Filifin ƙarƙashin Raymundo Punongbayan, tare da abokan aikinsu daga Amurka, suna auna hayaƙin farar wuta da ke fita daga dutsen. Ranar 13 ga Mayu sun samu kimanin tan 500 a yini. Zuwa 28 ga wata ya haura 5,000. Sai a farkon Yuni ya faɗo warwas zuwa ɗaruruwa kaɗan. Mai gaggawa zai ce dutse ya huce, kowa ya koma gida. Su kuwa suka ce shiru ma magana ce: mafitar ce ta toshe, iska na taruwa a ƙasa. Aka ci gaba da kwashe mutane, dubun dubata. Ranar 15 ga Yuni dutsen ya tashi, ya watsa tsakanin tan miliyan 15 zuwa 20 na hayaƙin farar wuta har saman inda gajimare ke tsayawa. A can hayaƙin ya haɗu da tururi ya zama hazo mai mayar da hasken rana, ya zagaye duniya cikin makonni uku, zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri a shekarar da ta biyo.

Da aka zo bugun cikin duwatsun Pinatubo sai lissafi ya ƙi fita. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a auna farar wutar da ke cikin ɗaurarren ɗigo, a cire wadda ta rage a gilashin waje, a ninka da yawan narken da ya fito. Amsar da aka samu ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na abin da tauraron ɗan'adam ya gani ba. Bahaushe ya ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, kuma ɗigon bai yi ƙarya ba. Abin da yake jikin narke ya faɗa. Sai dai tun kafin a rufe shi, mafi yawan farar wutar ta riga ta bar narken ta taru a matsayin kumfa a saman ɗakin, kilomita bakwai ko fiye a ƙarƙashin ƙasa, tana jiran rana. Ƙwayar ma'adini ba ta kama wannan ba. Terry Gerlach da abokan aikinsa na cikin waɗanda suka warware wannan ƙulli, kuma tun daga nan duk mai ƙiyasta hayaƙin tsohon dutse irin Pinatubo ya san adadin da ɗigo ya ba shi mafi ƙaranci ne.

Katangar ƙwayar ma tana yoyo. Sinadarin haidirojin na iya ratsa olibin mai zafi cikin sa'o'i ko kwanaki, ruwan ɗigon ya ragu. Kabon kuma yakan tattara a cikin 'yar kumfar da ke bayyana yayin da ɗigon ke hucewa, har ta riƙe fiye da rabinsa, kuma an shekara da shekaru ana auna gilashin ana mantawa da kumfar. Ba abin kunya ba ne ga ilimin. Darajarsa ta ƙaru ne tun da masu yinsa suka koyi faɗin iyakar abin da shaidarsu ta gani.

Inda narke baƙi ne mai ruwa-ruwa, lissafin ya fi tafiya daidai. Tsagar Laki a Aisilan ta buɗe ranar 8 ga Yunin 1783, ta yi wata takwas tana zuba. Babu tauraron ɗan'adam a lokacin, amma daga ɗaurarrun ɗigo aka ƙiyasta hayaƙin farar wuta kusan tan miliyan 120. Fulorin ya sauka a kan ciyawa ya kashe yawancin tumakin ƙasar, yunwa ta ɗauke kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutane. A shekarun nan Kogin Nilu bai cika yadda ya saba ba, Masar ta shiga yunwa. Akwai kuma shaida ta biyu da ake gwada ta dutse da ita, wato ƙanƙarar Girinlan da ta Antatika, inda hazon ke sauka ya kwanta shekara kan shekara. Fashewar dutsen Tambora ta 1815 tana nan a rubuce a ciki. Akwai wani babban tabo na wajen 1258 da aka daɗe ba a san mai shi ba, sai a 2013 Franck Lavigne da tawagarsa suka nuna dutsen Samalas ne na tsibirin Lombok, da ya fashe a 1257. Sun haɗa sinadarin gilashin dutsen da na ƙurar da ke cikin ƙanƙara, suka kuma duba tsohon tarihin tsibirin da aka rubuta a ganyen giginya.

Manomin Katsina ko na Maraɗi zai iya tambayar ina ruwansa da dutsen Alaska. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ruwan damina a yankin Sahel yana bin ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi, idan hazo ya sanyaya arewacin duniya sai igiyar ruwan ta ja baya zuwa kudu. A 2013 Jim Haywood na hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya da abokan aikinsa suka nuna cewa uku daga cikin damina huɗu mafi bushewa a Sahel tun daga 1900 sun biyo bayan manyan fashewar duwatsu a arewacin duniya. A watan Yunin 1912 dutsen Novarupta ya tashi a Alaska, fashewa mafi girma a ƙarnin. Daminar 1913 ta gaza, ƙasar Kano ta shiga yunwar da tsofaffi suka riƙe da sunan Kakalaba. El Chichon ya tashi a 1982, farin 1983 da 1984 ya biyo baya. Ba dutse kaɗai ya jawo waɗannan ba, akwai zafin teku, akwai harajin Turawa da ya tsananta ta farkon. Amma hannun farar wuta na ciki, kuma wannan ya isa dalilin da zai sa a damu da masu ba da shawarar a watsa irin wannan hazo da gangan domin rage ɗumamar duniya. Wajen da aka watsa shi zai iya zama bambancin damina da fari a ƙasar Hausa.

Kusa da gida ma akwai abin da ba a manta ba. A daren 21 ga Agustan 1986 Tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru, wanda ke kwance a ramin tsohon dutse, ya saki kabon dayoksaid da ta shekara da shekaru tana tsattsafowa daga ƙasa tana narkewa a ƙasan ruwa. Ba wuta, ba toka. Iskar ta fi wadda ake shaƙa nauyi, sai ta gangara kwaruruka ta shaƙe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500, da yawansu shanun Fulani. A 2001 aka kafa bututun farko mai fitar da iskar a hankali, aka ƙara biyu a 2011.

Nyos na kan jerin duwatsun da ya taso daga tsibiran Tekun Gini, ya bi ta Dutsen Kamaru, ya miƙa reshe har tudun Biu a jihar Borno, inda Tafkin Tila ke zaune a cikin rami irin nasa. A Filato ma akwai tsoffin bakunan aman wuta a Panyam da Kerang. Baƙaƙen duwatsun Biu da na Jos suna ɗauke da manyan ƙwayoyin ma'adinai da suka taso daga zurfi, har masana daga Jamus sun ɗauke su sun auna. Jami'o'in Zariya da Jos da Maiduguri duk suna da sashen ilimin duwatsu, kuma tafiyar yini ɗaya ce tsakaninsu da waɗannan wurare. Ɗalibin da ya je can kada ya tsaya ga manyan faifan dutsen da suka huce a hankali, domin ɗigon cikinsu ya riga ya lalace. Ya hau gefen tudun, ya nemi ƙananan tsakuwa masu ramuka da suka huce nan take a iska, ya zuba a jaka, ya rubuta ainihin inda ya tsince su.